Yadda ake shafa wa ƙarafunan plaza da sito fentin kariya daga gobara

Jama'a jan fentin nan da masu walda suke shafa wa ƙarfe a Ƙofar Ruwa ta Kano kafin a ɗora shi, wato red oksaid, maganin tsatsa ne kawai, ba ruwansa da wuta. Dole in fara da wannan domin mutane da yawa suna gina plaza ko sito da manyan bim na ƙarfe a bar su a fili babu silin, mai gini ya ɗauka tunda ƙarfe ne ai ba ya cin wuta shikenan an gama. Eh ba ya ci amma yana laushi, ai kowa ya taɓa ganin yadda maƙeri ke sarrafa shi in ya yi ja. Da zafi ya kai wajen digiri 550 kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, kuma a shagon da ke cike da atamfa ko katifa ko robobi wuta ba ta daɗewa take wuce nan, sai bim ya lanƙwashe rufi ya rufto kan dukiya da masu ƙoƙarin kwashe ta. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ya san yadda wuta ke gudu cikin kaya.

Fentin da ake nufi shi ne mai kumbura, a jikin bokiti za ka ga an rubuta intumescent. In ka gan shi a jikin ƙarfe kamar farin fenti ne kawai, amma zafi na kaiwa digiri 200 zuwa 250 sai ya tashi ya zama baƙin kumfa mai kauri, yakan ninka kaurinsa har kusan sau 50, kumfar nan ce ke tare zafi. Lokaci yake saya maka, minti 30 ko 60 ko 90 ko 120, mutane su fita 'yan kwana-kwana su iso.

To kafin ka sayi ko bokiti ɗaya ka zauna da injiniyanka ya faɗa maka minti nawa ginin ke buƙata, ya kuma ba ka jerin girman kowane ƙarfe. Nan ne ake yawan tafka kuskure wallahi, don siririn ƙarfe ya fi kakkaura saurin ɗaukar zafi saboda haka shi ya fi buƙatar fenti mai kauri, kuma kamfanin fentin yana da jadawalin da ke nuna kaurin da kowane ƙarfe zai sha. Ka nemi takardar gwajin fentin, irin su BS 476 ko EN 13381 ko UL 263. Mai sayarwa in ya fara kame-kame ka kama gabanka.

Sai gyaran ƙarfen. A kankare tsatsa da maiƙo da dattin walda, in da hali a yi da injin feshin yashi har ƙarfe ya fito fes, sannan a shafa firaima, wato fentin farko na ƙasa, wadda kamfanin ya amince da ita. Kar a ɗora kan tsohon fentin mai don in wuta ta zo yana iya saɓulewa ya tafi da komai.

Lokacin aiki ma abin dubawa ne a Kano. Da hunturu ƙura na sauka kan ƙarfe cikin ɗan lokaci, a goge daf da feshi kuma a kewaye wurin da tamfol. Da damina musamman Agusta, in laimar iska ta haura kashi 85 a dakata, fenti mai haɗin ruwa kuwa kar ruwan sama ya taɓa shi sam. Injin feshi ya fi ba da aiki mai kyau, rola da burushi na yi amma sai an yi ta maimaitawa, kowane shafi a bar shi ya bushe kafin na gaba.

Yanzu ga inda nake roƙon ku Alhazai masu gini, a auna. Akwai ɗan ƙarfe mai haƙora kamar matsefi da ake dangwalawa a ɗanyen fenti, akwai kuma 'yar na'urar da ake ɗorawa bayan ya bushe ta nuna kauri, ka sa a auna a gabanka a wurare da yawa har da ƙasan bim da lungu da wajen noti, a rubuta. Ɗan kwangila in ya tsinka fenti don bokiti biyu su yi aikin uku ido ba zai gane ba, launin ɗaya ne, amma ka biya kuɗin minti 60 an ba ka abin da bai kai ba.

In kuɗin ya yi nauyi, ƙarfen da ba a damu da kyansa ba kamar na cikin sito ana iya fesa masa haɗin siminti mara nauyi, ko a rufe shi da allunan da ba sa cin wuta, ko a zuba wa ginshiƙi kankare.

Bayan an gama a shafa fentin sama siriri wanda kamfanin ya yarda da shi, kar a manna katako ko allon talla a jikin bim don fentin na buƙatar sarari ya kumbura. Kuma a gaya wa 'yan haya, duk wanda ya kira mai walda ya liƙa ƙugiyar rataye kaya ko ta fanka to ya ƙone fentin wurin, sai an kankare an sake shafawa daidai kaurin da.