Yadda ake ba da labarin kisa a dambe

Tunda wayoyi suka yawaita, kowa ya zama mai ba da labarin dambe. Da an tashi daga wasa sai ka ga an cika Facebook da "wane ya doke wane", shi ke nan. To, ya doke shi yaya? Dafa ƙasa ya yi, ko sai da aka yayyafa masa ruwa? Ni mai zuwa gidan dambe ne tun ina yaro, kuma abin da zan faɗa maka shi ne ka fara kallon yadda mutum ya kai ƙasa kafin ka zaɓi kalmar da za ka sa.

Ka fara da kisa, don ita ce kalmar fage. A damben gargajiya idan hannun ɗan dambe ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa sanadiyyar bugu, an kashe shi, ko da murmushi ya miƙe. Ba sai ya suma ba, ba sai ya yi jini ba. Saboda haka "ya kashe shi a turmi na biyu" magana ce cikakkiya. Turmi, wato zagayen wasa, uku ake yi. In an gama ba wanda ya faɗi, ka rubuta "turmi uku babu kisa", ko ka ce sun yi canjaras. Kada ka ce wane ya ci don kawai ya fi kai naushi. 'Yan ɓangaren ɗayan, Kudu ne ko Arewa, Jamus ko Guramada, ba za su bar ka ka sha ruwa ba.

Amma ka lura da waɗanda za su karanta. Gwaggonka da ba ta taɓa leƙa fage ba, in ta ga an rubuta an kashe ɗan maƙwabcinta a Dei-Dei ta Abuja, salati za ta saka. In labarin na kowa da kowa ne, ka ce "ya buge shi" a kanun, ka bar kisa a cikin bayani, inda ambaton turmi da zaren da ake ɗaure hannu da shi zai nuna wasa ake nufi.

Daga nan sai ka bambance irin kisan, kuma nan ne mai ba da labari yake nuna ya kalli wasa ko ji ya yi. Akwai wanda naushi ya gigita, ƙafarsa ta yi sanyi, ya kai hannun da ba a ɗaure ba ya taɓa ƙasa: wannan ya dafa ne, ko ya durƙusa. Kada ka ƙara masa gishiri. Akwai wanda aka sama a muƙamuƙi, ya tafi gaba ɗaya, ƙura ta tashi: wannan an shimfiɗe shi, an sheme shi, ya faɗi warwas, ya kwanta shame-shame. Sai na ukun, wanda ya kwanta bai motsa ba, yaran gidansu suka ruga da ledar ruwa, wani yana masa fifita da riga, wani yana kwance masa zare daga hannu. Shi kaɗai za ka ce an sumar. Ni dai ina ganin rashin adalci ne ka rubuta an sumar da mutumin da ya tashi da ƙafarsa ya rungumi abokin karawarsa. Sunansa kake ɓatawa, kuma da sunan nan yake cin abinci.

In kuwa da sa zare, wato da fara wasa, aka kai bugu guda aka gama, tun masu kalangu ba su sauya kiɗa ba, wannan shi ne kwaf ɗaya. Ka adana ta, kada ka riƙa yayyafa ta a kowane wasa. Sannan ka faɗi abin da ya yi kisan. Hannun dama ne, ko bahago ne ya shammace shi ta inda bai tsare ba? Ko ƙafa ce? Shuri halas ne a dambe, kuma kisan ƙafa yana da nasa daɗin ji.

Kada ka ɗauko kisa ka kai ta fagen kokawa. Can kaye ake yi: ya kayar da shi, ya kai shi ƙasa, ya sha kaye. Duk mai bin gasar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ya san ba a cewa Issaka Issaka na Doso ya kashe wani. Kayarwa yake yi.

Damben zamani kuma shi ne ya fi rikita masu rubutu, don can faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba. Alƙali ƙirga goma yake yi, in ka tashi a ci gaba. A watan Yunin 2019 a New York, Anthony Joshua ya kai Andy Ruiz ƙasa a turmi na uku. Da a gidan damben Kano ne, da tuni an fara liƙi. Sai Ruiz ya tashi, ya kayar da Joshua sau huɗu, alƙali ya tsayar da wasa a turmi na bakwai. To a nan "ya kai shi ƙasa" daban, "alƙali ya tsayar da wasa" daban. Abin da Muhammad Ali ya yi wa George Foreman a Kinshasa a 1974 kuwa, turmi na takwas, aka ƙirga bai tashi a kan lokaci ba, shi ne za ka iya kira kisa ba wanda zai yi maka gardama.

"Doke" da "lallasa" ka bar wa 'yan ƙwallo. Ba ƙarya ba ne in ka sa su, sai dai ba sa gaya wa kowa ko gwiwa ta taɓa ƙasa.