Tiyon Lagireto da Yoyon Ruwa: Kurakuran da Ke Kashe Injin Tsohuwar Mota

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san jarkar nan mai lita huɗu da ba ta rabuwa da but. Kullum da safe a ɗaga bonet, a ɗura ruwa, a rufe, a kama hanya. Wannan jarka ita ce kuskure na farko, kuma daga gare ta sauran suke tasowa. Ruwan lagireto ba fetur ba ne da zai ƙone ya ƙare. Zagayawa yake yi daga injin zuwa lagireto ya dawo, a cikin rufaffiyar hanya, kuma lafiyayyar mota sai ta yi watanni ba ta nemi ƙarin ko kofi ɗaya ba. Idan kana ƙara ruwa duk kwana biyu, to akwai inda yake fita, kuma ramin ba ya tsukewa da kansa.

Neman wurin ba ya bukatar kuɗi. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin da dare, da safe ka ga inda ya jiƙe. Sai dai kada ka tsaya a nan, domin ruwa yana bin jikin injin ne ya gangara, ya ɗiga nesa da inda ya fito. Ka bi sawunsa zuwa sama da tocila. Busasshen tabo fari kamar kanwa, ko kore, ko ja, a bakin tiyo ko gefen lagireto, shi ne shaidarka. Ka leƙa ƙarƙashin famfon ruwan injin ma, akwai ɗan rami a jikinsa da ke fara zubar da ruwa idan robar cikinsa ta mutu. Wani yoyon ba ya bayyana sai injin ya ɗau zafi, yana fita yana ƙafewa nan take. Irin wannan sai garejin da ke da famfon gwaji, wanda ake ɗaurawa a bakin lagireto a matsa iska, nan da nan ramin zai tona kansa. Ruwan da ke ɗiga a ƙasan mota ta wajen ƙafar fasinja bayan an kunna iyakwandishan kuwa ba yoyo ba ne, kada a kwance maka mota a kansa.

Kuskure na biyu shi ne duba tiyo da ido kawai. Tiyo daga ciki yake ruɓewa, galibi kusa da bakinsa, inda ya haɗu da ƙarfe, alhali bayansa yana nan baƙi sumul. Sai injin ya huce za ka kama shi da yatsu biyu, kamar inci ɗaya ko biyu daga kilif, wato zoben ƙarfen da ke ɗaure bakin tiyon, ka matsa. Mai lafiya yana da ƙarfi kuma yana dawowa da zarar ka saki. Wanda ya yi laushi kamar biredi, ko ya yi tauri har kana jin ƙas-ƙas a cikinsa, ko ya kumbura a gefen kilif, ya gama aiki. Idan baƙin mai yana ɗiga a kansa, ka gyara wannan yoyon tare, domin mai yana narka irin robar da ake yin tiyon ruwa da ita, sabon ma haka zai kumbura.

Na uku kuwa ni kaina na ɗanɗana shi. Ina da wata Golf 3 da tiyonta na sama ya tsage. Na kai gareji, maigidan ya ce mini, "Alhaji, tunda an zubar da ruwan, bari mu canza har da ƙananan nan na baya, duk sa'annin juna ne." Na ce masa a'a, a canza wanda ya lalace kawai, sauran ai ba su ce komai ba. Kwana tara bayan haka, a hanyar Zariya, mun ɗan wuce Kwanar Dangora, sai na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, tururi ya turnuƙe ta gefen bonet. Wani ɗan tiyon hita ne, wato na'urar ɗumama cikin mota, kaurinsa bai wuce babban yatsa ba, a bayan injin inda hannu ba ya kai wa da sauƙi. Iyalina na cikin motar, rana tsaka, ga yaro na goye. Abin da ya faru a fili yake: a da tsagaggen tiyon nan ne ke rage matsin da ke cikin hanyar ruwan, da aka sa sabo matsin ya cika, sai ya nemi wuri mafi rauni na gaba. Motar da aka ƙera a shekarun 1990 ta kai shekara talatin ko kusa da haka, kuma tiyoyinta rana ɗaya aka ɗaura su. Idan ɗaya ya mutu da tsufa, ka canza na sama da na ƙasa da na hita da duk ƙananan da ke kewaye da injin a zama ɗaya. Masu Golf su duba mahaɗar filastik ɗin nan da ke gefen tof silinda, wato kan injin, tana yawan tsagewa, sai a yi ta zargin tiyo alhali ita ce.

Wani abu da na koya a ranar: kada ka dogara da allurar zafi kaɗai. Na'urar da ke auna zafin a cikin ruwa take zaune, idan ruwan ya tsiyaye gaba ɗaya sai ta zama tana auna iska, allurar na iya zama a tsakiya ko ma ta sauka, injin kuwa yana dahuwa. Ka ga tururi ko ka ji warin, ka faka ka kashe.

Sai maganar saye. Mu mun yarda da kayan Beljiyam, kuma a kan ƙarfe da gaskiyarmu: tsohon giya ko kan injin na asali ya fi sabon jabu. Amma roba ba ta bin wannan ƙa'ida. Tiyon da aka ciro daga motar da aka yanka a Turai shekarunsa ɗaya da wanda kake cirewa, ya kuma ƙara da zaman rana a Kofar Ruwa ko Panteka. Ka sayi sabo, ka tafi da tsohon a hannu a gwada tsawo da kauri da lanƙwasa. Kada ka yarda a yanko maka miƙaƙƙen tiyo a tanƙwara shi da ƙarfi, zai karye a gwiwar ya shaƙe ruwa. Na ƙasa ya fi bukatar kula, domin ta nan famfo yake zuƙo ruwa, idan tiyon ba shi da ƙwari sai ya manne a lokacin da kake gudu, motar ta riƙa zafi a babbar hanya ta huce a cikin gari, a rasa dalili.

Wajen ɗaurawa ne aka fi ɓarna, kuma yawanci yaran gareji ake bar wa aikin. Tsohon tiyo yakan manne da wuyan lagireto, sai yaro ya zura sukundireba ya banƙara. Lagireton Honda da Toyota da yawancin motocin zamanin nan, sama da ƙasansu ko gefunansu filastik ne, kuma filastik ɗin da ya sha zafi shekara da shekaru ba ya jure banƙara. An je canza tiyo, an dawo da fasasshen lagireto. Tunda jefar da tsohon za a yi, a tsaga bakinsa da reza a tsaye, a hankali, a ɓare shi. A goge tsatsa da dattin da ke wuyan da samfefa mai laushi har ya yi santsi. Idan sabon ya ƙi shiga, a shafa ruwan sabulu, ban da giris ko baƙin mai, ban da gam. A tura shi har ya wuce ɗan tudun da ke bakin wuyan, kilif kuma ya zauna a bayan tudun, ba a kansa ba. Kilif na asali mai kama da sifirin, wanda ake matsewa da filaya, kada a yar da shi in dai yana da ƙarfinsa, domin yana bin robar ya matse ta ko ta saki ko ta kumbura. Mai noti kuwa a ɗaure shi daidai, kada a murɗa har ya nutse cikin robar, sannan a sake duba shi bayan kwana biyu ko uku. Ɗaure tiyo da waya yanka shi ne a hankali.

Ɗanyen ƙwai, garin barkono, sabulu, duk na ga an zuba a lagireto. Suna iya toshe ƙaramin rami na ɗan lokaci, amma hanyoyin cikin lagireto ma ƙanana ne, su ma za su toshe. Naɗe tiyo da robar tub dabara ce ta kai ka gari mafi kusa, ba gyara ba ce.

Ruwan da ake zubawa shi ne abin da ya fi damuna, don an mayar da shi ba komai ba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri da ƙasa, su ne ke barin farin dattin da kake gani a cikin butar shayi, kuma haka suke yi wa lagireto. Ruwa zalla yana cin ƙarfe, ya ci alminiyom, ya cinye fukafukan famfo, ya huda bututun ƙarfen da ke bin bayan injin. Mutane suna cewa kulan, wato ruwan sinadarin da ake sayarwa don lagireto, na ƙasashen sanyi ne. Hana daskarewa ɗaya ne kawai daga aikinsa, yana kuma hana tsatsa, yana ɗaga zafin da ruwa zai kai kafin ya tafasa. Idan kulan mai kauri ka saya, rabi da rabi ake haɗa shi da tataccen ruwa irin na batir, wanda aka riga aka haɗa kuwa a zuba shi yadda yake. A wanke tsohon jan ruwan tas kafin a zuba, kuma kada a gauraya iri biyu. Kulan guba ne mai zaƙi, kada a bar shi a buɗaɗɗen kwano inda yara ko awaki za su kai baki.

Murfin lagireto ma ana raina shi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin yana riƙe matsi na kusan "bar" 1 a ma'aunin matsi, wanda ke kai tafasar wajen digiri 120. Murfin da robarsa ta tsage zai bar ruwa ya tafasa da wuri ya malale. Lambar matsin tana rubuce a kansa, ka sayi mai irin lambar. Cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har injin ya yi zafi, da haɗa fanka kai tsaye kuwa ɓoye ciwon ne, ba ya magance toshewar lagireto ko yoyo, injin kuma zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai.

Bayan an ɗaura komai, kada a cika ruwa a rufe a ce an gama. Iska tana maƙalewa a ciki. A buɗe hita zuwa zafi, a tayar da injin murfi a buɗe tun yana da sanyi, a riƙa ƙara ruwa har kumfa ta daina fitowa, tiyon sama ya yi zafi, fanka ta tashi. Peugeot 406 da ire-irenta suna da 'yan notocin fitar da iska, a sassauta su har ruwa ya fito ba kumfa. Washegari da safe a sake duba ruwan. Kuma komai gaggawa, ba a buɗe murfi injin yana da zafi, ba a kwarara masa ruwan sanyi, na farko yana saɓule fatar fuska, na biyu yana iya tsaga tof silinda.

Idan duk an yi wannan amma ruwa yana ci gaba da raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, ka tayar da injin da safe ka taɓa tiyon sama bayan minti biyu. Ka ji ya yi tauri kamar tayar keke tun injin bai yi zafi ba, ko ka ga kumfa tana ta tasowa a lagireto, ko farin hayaƙi mai kauri a salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gaskit ɗin tof silinda, wato shimfiɗar da ke tsakaninsa da jikin injin, shi ne ya ƙone, hayaƙin injin yana shiga hanyar ruwa. Sabon tiyo ma fashewa zai yi. A kwance tof ɗin, a kai shi wajen masu injin gogewa su auna ko ya lanƙwashe kafin a sa sabon gaskit.