Darasi na 9: Jan ƙafa daban, ƙi daban

Makon jiya wani dattijo da ke zama a layin gaba na ajinmu na dare a nan Argungu ya shigo da waya a hannu, ransa a ɓace. Shi da ɗansa mai karatu a Sakkwato suka yi noman shinkafa a fadama bana. Dattijon ya so a fitar da shanshera kasuwa tun yanzu, sai yaron ya turo masa saƙo da Turanci. Wani maƙwabci ya karanta masa, ya ce, “Ai cewa ya yi ba zai sayar ba.”

“Malam, ɗan da na haifa ne zai ce mini ba zai yi ba?”

Na karɓi wayar na duba. Ga abin da ke ciki:

I am reluctant to sell now, but I will do as you say.

Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, yaron nan bai ƙi ba. Cewa ya yi ransa bai kwanta da sayarwa yanzu ba, amma duk abin da ka ce shi zai yi.” Kalma ɗaya tak ta kusa haɗa uba da ɗa. Ita za mu koya yau, ita da ’yan uwanta.

Yadda ake faɗin ta

A rubuta ta a allo da manyan baƙaƙe: RELUCTANCE. Haruffa 10 ne, gaɓa uku. Da bakinmu sai mu ce ri-LAK-tans, a ɗan danna gaɓar tsakiya. Tarkon yana kan harafin c. A bokonmu na Hausa sauti ɗaya yake da shi, wanda muke ji a ciki, cokali da cefane. A wannan kalma sau biyu ya fito, kuma ko sau ɗaya bai yi wannan sauti ba: na farko k ne, na biyu s ne. Harafin u kuma a nan ya fi kusa da a ɗinmu, e na ƙarshe kuwa ba a furta shi sam. Harshenmu ya saba rufe kalma da wasali, don haka za ka ji wasu suna cewa rilaktansi. Za a gane ka, amma ka yi ƙoƙari ka tsaya a kan s.

Me take nufi?

Hausa ba ta rasa kalmomi ba a nan, yawa ma suka yi. Muna cewa jan ƙafa, ɗari-ɗari, noƙewa, ko a ce mutum ya yi abu ba da son ransa ba. Ku tuna jaki a bakin rafi: ya toge, ya miƙe wuya, mai shi na ja yana turjewa, daga baya dai ya tsoma ƙafa ya haye. Wannan togewar da ta riga hayewa ita ce reluctance.

Asalin kalmar daga harshen Latin yake, harshen Rumawan da, daga wata kalma reluctari mai nufin yin kokawa da abu. Ta shiga Turanci a ƙarni na 17. Ni dai wannan asali ya fi kowane ƙamus fayyace mini ita, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kokawa bayan kaka zai gane. Mutum ne ke kokawa da zuciyarsa. Wani ɓangare na cewa yi, wani na cewa bari, ba a kai ga kaye ba tukuna. Shi ya sa mai reluctance sau da yawa yakan ƙare da yin abin, sai dai da sanyin jiki.

Akwai inda ɗalibai kan ruɗe, kuma laifin al’ada ne ba na ƙwaƙwalwa ba. Baƙo ya zo, an kawo masa tuwo, ya ce “Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake,” alhali yunwa na cin sa. Wannan kawaici ne. Yana so, kunya ce ta hana. Reluctance kuwa ran ne ba ya so, ko yana jin tsoron abin da zai biyo baya. Matar da aka ce ta bar jaririnta wajen maƙwabta ta tafi biki, ta miƙa shi tana waiwaye, ita ce ta dace da kalmar.

Riguna uku

Kalmar na sauya riga gwargwadon aikinta a jimla. Reluctance suna ne, wato sunan halin. Reluctant sifa ce, mai bayyana mutumin. Reluctantly bayanau ne, yana faɗin yadda aka yi abin.

The farmer is reluctant to borrow money.
Manomin yana ɗari-ɗarin cin bashi.

She agreed reluctantly.
Ta yarda, amma ba da son ranta ba.

His reluctance surprised us.
Jan ƙafarsa ya ba mu mamaki.

Ku lura da ƙaramar kalmar to a jimlar farko. Bayan reluctant ita ke zuwa, sannan aikatau: reluctant to go, reluctant to pay, reluctant to sign. Kuskuren da na fi gyarawa a littattafanku shi ne I reluctant to go. Mu a Hausa kai tsaye muke cewa ina jan ƙafa, shi ya sa hannu kan tsallake wani abu. Turanci sai an sa am, is ko are a tsakani: I am reluctant to go.

Wadda ta fi ta nauyi

Akwai wata kalma mai haruffa 13 da kan tsorata mai koyo: UNWILLINGNESS. Kada tsawonta ya dame ku, guntaye ne aka harhaɗa. Will shi ne so ko nufi. Willing, wanda ya yarda zai yi. Sai a sa un a gaba, ɗafa-goshi ne mai aikin da rashin ko marar ke yi a Hausa, kamar yadda happy ke komawa unhappy, paid ya koma unpaid. A ƙeya kuma ness yana mai da sifa suna, irin na sickness, wato rashin lafiya. Idan aka haɗa, an sami rashin son yin abu. Wannan tsohuwar kalmar Ingilishi ce ta gida, ba aro ba.

Ma’anarsu ta yi kusa, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Unwilling ya riga ya yanke cewa ba ya so. Gaba da shi kuma akwai refuse, wanda aikatau ne: an ce yi, ya buɗe baki ya ce a’a. Shi ne ƙi ƙememe, irin na yaron da ya maƙe kafaɗa. Da ɗan dattijon nan ya rubuta I refuse to sell, da fushin uban na kan hanya.

Yanzu ga wurin da nake so kowa ya buɗe kunne, don a nan kuɗi da mutunci suke. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, manoma da yawa sun fara sa hannu a takardun Turanci. Sai ga ambaliyar 2020 ta shafe gonaki masu ɗimbin yawa a jihar nan. Wanda ruwa ya cinye wa gona, idan zai rubuta wa banki, kalmomi biyu ne a gabansa masu kama da juna:

I am unable to pay.
Ba ni da halin biya.

I am unwilling to pay.
Ba na son biya.

Dukansu da un suka fara, kuma mai rubuta wasiƙa da ke sauri zai iya musanya su. Ta farko kuka ce, ana iya sauraron ta a ɗaga maka ƙafa. Ta biyu taurin bashi ce ka rattaba wa hannu da kanka. Saboda haka duk wanda ya rubuta maka takarda irin wannan, ka sa shi ya nuna maka kalmar da yatsa. Ka duba da idonka: bayan un ɗin, a ne ya biyo ko w?

Haka kuma idan za a rubuta wa na gaba, hakimi ne ko shugaban makaranta ko mai gida a wurin aiki, reluctant ta fi ladabi nesa ba kusa ba. Tana barin ƙofa a buɗe, kamar mu ce “Ranka ya daɗe, da dai an ɗan dakata.”

Aikin aji

Kowa ya juya ga na kusa da shi, ku karanta jimlolin da ke sama bi da bi, sau uku. Sannan a cike gurbi da reluctant, reluctantly, unable ko refused:

1. An ba shi allura, ya ce a’a, ya tashi ya fita. He ______ the injection.
2. Ta sayar da akuyarta tana hawaye. She sold her goat ______.
3. Kwale-kwalen ya cika, yana tsoron shiga. He is ______ to enter the canoe.
4. Ƙafarsa ta karye, ba zai iya zuwa Jega ba. He is ______ to travel.

Aikin gida kuma dattijon ne ya ba mu shi, ba ni ba. Da ya huce, ya yi shiru jim kaɗan, sai ya ce a bar shinkafar a rumbu zuwa bazara, amma shi ma ransa bai gama kwanciya ba, don akwai bashin taki a kansa. Ku rubuta masa amsar da zai tura wa ɗansa, jimla biyu da Turanci, ɗaya ta ƙunshi reluctantly. A zo da ita ranar Laraba bayan sallar isha’i.