Kafin ka saya wa mai son hoto kyamara, ji ɓarnar da na tafka

Sau uku cikin wata biyu ana kira na da tambaya iri ɗaya: "Malam, wace kyamara ce ta fi kyau? Kyauta zan yi wa wane." Kuma duk wanda ya kira, ya riga ya gama yanke shawara, albarka kawai yake nema. Na gaji da maimaitawa a waya, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskure shi ne ka tafi kasuwa ba ka leƙa jakar mutumin ba. Ni wannan ya ci ni. Ƙanina yana da Nikon D3500, ya shekara uku yana tara kuɗi har ya mallaki lens biyu, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, ɗaya 35mm, ɗaya dogo 70-300mm wanda yake ɗaukar dawakai da shi ranar hawan Daushe. Da ya gama karatu na ce bari in ba shi mamaki. Na sayo Canon, don mai shago ya ce ita ake yayi. Yaron ya buɗe kwali, ya ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri." Sai ya juya ta, ya ƙura wa bakinta ido, ya yi shiru. Ashe kowane kamfani da irin bakinsa da ake ɗaura lens, lens ɗinsa na Nikon ba sa hawa Canon. Akwai adafta, amma da ita sai ya koma saita hoto da hannu, doki kuwa ba ya jiran kowa. Bayan wata biyu muka sayar da ita da faɗuwa, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kada kuma ka ce ai sunan kamfani ɗaya ne, shi ke nan. A 2018 Canon ta fito da bakin RF, Nikon ta fito da Z, duka na kyamarori marasa madubi. Tsofaffin lens na EF (na Canon) da na F (na Nikon) suna hawa sabon bakin kamfaninsu, amma sai da adafta, ita ma kuɗi ce, ka sa ta a lissafi. Lens na Canon M kuwa ba ya hawa RF ko kaɗan. Abin da nake yi yanzu, in sa wani a gidan ya ɗauko min hoton rubutun da ke jikin kyamarar da kowane lens. Mamakin ma ban damu da shi ba. In ta kama, na tambayi mai ita kai tsaye.

Megafiksel, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto: ku daina bin yawansa. Ashirin da huɗu sun ishi hoton da za a rataye a falo. Mai arba'in da biyar cika memori da wahalar da kwamfuta za ta yi.

Na biyu da ya ƙona ni shi ne ta hannu. Ba laifi ba ne sayen ta hannu, tawa ma ita ce. Laifin shi ne ka duba kyan jiki ka biya. Kyamara kamar mota take, tana da lissafin tafiyar da ta yi, wato sau nawa aka ƙyasta ta. Ƙananan kan kai wajen dubu ɗari bisa ƙiyasin masu ƙera su. Na taɓa ɗaukar wata tana sheƙi kamar amarya, ashe wani mai hoton biki ya tatse ta tas, ba ta yi wata huɗu ba ta fara cijewa. Haba jama'a! Wanda ba zai sayi akuya bai duba haƙoranta ba, ya zai zube wannan kuɗi don kwali mai kyau? Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, Canon galibi sai an jona ta da manhaja. Mai shagon da ya hana ka dubawa, yi masa sallama. Sannan ka cire lens ɗin, ka haska tocilar waya a ciki. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, ajiye masa kayansa.

Nauyi ma abin dubawa ne. Canon 5D Mark IV ta kusa kilo ɗaya tun ba a ɗaura mata lens ba. Mai ɗaukar hoto don nishaɗi zai rataya ta sau biyu, na uku ya bar ta a durowa ya fita da waya.

Kada ka ƙarar da kuɗin kaf a kan kyamarar. Bar na batir na biyu, don wutarmu ba ta da alƙawari. Memori mai arhar banza jabu ne. Ka haɗa da 'yar robar hura iska saboda ƙurar hunturu, kuma ka gargaɗe shi kada ya goge sensa, wato farantin ciki da ke kama hoton, da bakin riga.

Wani lokaci ma ba kyamara yake buƙata ba. Da na tambayi ƙanina daga baya, ashe lens 50mm f/1.8 yake ta mafarki, don ya ɗauki Hajiyarmu a zaure da yamma ba tare da filasha ba. Kuɗinsa bai kai rabin abin da na yi asara ba.