Yadda ake zaɓen amfilifaya mai sauƙin kuɗi don sifikokin gida

Duk wanda ya tambaye ni wace amfilifaya zai saya da 'yan kuɗin da ke hannunsa, ba na fara kawo masa sunan kamfani. Cewa nake yi ya juya sifikarsa ya karanto mini abin da aka rubuta a bayanta, sannan ya faɗa mini nisan da ke tsakanin kujerarsa da sifikar. Amfilifaya ba ta da wani aiki sai tura sifika. In ba ka san nauyin abin da za a tura ba, ko dai ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa mora ba, ko ka kawo wadda za ta riƙa shaƙewa duk sanda kiɗa ya yi sama.

Da farko tabbatar irin wadda kake bukata ke nan. Amfilifayar ƙarfi zalla akwati ne mai wurin shigar sauti da wurin ɗaura wayar sifika, yawanci ba ta da maɓallin ƙara murya ko na zaɓen na'ura. Dole akwai abin da zai riƙe mata linzami a gaba, wato firi'amf (na'urar zaɓen sauti da ƙara ko rage murya), ko DAC (na'urar da ke mayar da kiɗan kwamfuta ko waya sautin da amfilifaya za ta karɓa) mai maɓallin murya, ko risiba (amfilifaya mai rediyo a ciki) mai mafitar firi'amf. In ba ka da ko ɗaya, wadda ta haɗa komai a akwati guda ta fi maka sauƙi. In kuwa sifikarka tana da wayar wuta da ake jonawa a bango, to da amfilifayarta a ciki, ba ka bukatar wata.

A bayan sifika ko a takardarta lambobi biyu za ka nema. Na farko shi ne om, mai alamar Ω: 8, ko 6, ko 4. Iya ƙanƙantar lambar iya yawan wutar da sifikar ke zuƙa daga amfilifaya. Kuma lambar nan ba tsayayya ba ce, tana hawa tana sauka gwargwadon kauri ko sirantakar sautin, har sifikar da aka rubuta wa om 8 takan faɗo kusa da 4 a wani wurin. Shi ya sa nake son amfilifayar da kamfaninta ya fito fili ya faɗi ƙarfinta a om 4, ba a 8 kaɗai ba. Mai kyau za ka ga ƙarfinta ya ƙaru sosai a om 4, wata har ya kusa ninkawa. Wadda aka rubuta wa gargaɗin kada a sa mata ƙasa da om 8, kada ka haɗa ta da sifika mai 4, za ta ɗau zafi ta kashe kanta, in ma ba ta ƙone ba.

Lamba ta biyu ita ce mutane suka fi tsallakewa, alhali ita ce ke yanke hukunci: yawan ƙarar da sifika ke fitarwa idan aka ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1. Ana rubuta ta da dB, wato desibel, kuma yawancin sifikokin gida suna tsakanin 84 da 90. Ga ƙa'idar da nake so ka riƙe: kowane ƙarin desibel 3 yana bukatar ninka wat sau biyu, ƙarin desibel 10 kuma ninki goma, kuma sai an kai desibel 10 ɗin nan ne kunne ke jin kamar ƙara ta ninka. Ke nan tsakanin amfilifaya mai wat 50 da mai wat 100 desibel 3 ne kacal, ɗan ƙari ne da za ka ji amma ba zai sauya maka ɗaki ba.

Bari mu yi lissafin da sifika mai 87, kana zaune mita 3 daga gare ta. Nisan nan zai cinye kusan desibel 9 zuwa 10, amma da yake sifika biyu ce kuma bango yana mayar da sauti, wani abu zai dawo. Wat 1 tal zai kawo maka wajen desibel 80 a kujera, kuma wannan ƙara ce sosai, sai an ɗaga murya kafin a yi hira a cikinta. To me ya sa ba za a sayi mai wat 5 a huta ba? Saboda kiɗa ba a miƙe yake ba. Dukan ganga ko tashin ƙaho yakan zarce matsakaicin sautin da desibel 15 zuwa 20 na ɗan ƙiftawar ido. Desibel 15 na nufin wat 32, desibel 20 kuma wat 100. Daga nan ne nake cewa ga ɗakin zama madaidaici, wat 50 zuwa 100 na gaskiya a kowane ɓangare, hagu da dama, ya wadatar. In sifikarka 84 ce, ninka abin da muka samu. In 93 ce, kashi ɗaya cikin huɗu ya ishe ka. Abu ɗaya ka lura: in an rubuta cewa da 2.83V aka auna kuma sifikar mai om 4 ce, to wat 2 aka ba ta, sai ka cire 3 daga lambar kafin ka yi lissafi.

NAD 3020 da ta fito a 1978 wat 20 aka rubuta mata a kowane ɓangare, amma ta yi suna a duniya saboda tana iya tura sifikoki masu wahala ba tare da ta durƙusa ba. Ina kawo ta ne don ka ga cewa lambar da ke jikin kwali ba ita ce labarin duka ba.

Wat na gaskiya na ce, domin akwai na ƙarya. Duk inda ka ga PMPO, kau da kai, ba ma'auni ba ne da kowa ya amince da shi. Rikicin ƙarin gishiri a kan wat ya daɗe, har a 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa doka kan yadda za a riƙa faɗin ƙarfin amfilifayar gida. Abin da za ka nema shi ne ƙarfi mai ɗorewa, wanda ake kira RMS, da ɓangarorin biyu suna aiki lokaci guda, a om nawa, kuma da gurɓatar sauti nawa, wadda ake rubutawa THD. Lambar da aka samu a THD 10% ba ta da amfani gare ka, sautin ya riga ya fashe kafin a kai can. Nemi ta 1% ko ƙasa da haka.

Yanzu ga wurin da na fi so a tsaya. Akwai ƙananan amfilifayoyi da suka cika kasuwa, girmansu bai wuce littafi ba, irin su Fosi Audio V3 da Aiyima A07, dukansu a kan cif ɗin TPA3255 na kamfanin Texas Instruments aka gina su. Cif ne mai kyau, kuma su ne suka sa na daina yarda cewa araha ba ta ado a wannan fanni. Amma za ka ga an rubuta wat 300 sau biyu a tallarsu. Ɗauki adaftar da aka haɗo da ita, wannan baƙin akwatin da ke tsakiyar wayar wuta, ka juya shi. A cikin ƙananan rubutun za ka ga wani abu kamar 32V 5A. Ninka su: 32 sau 5, wat 160 ke nan, kuma shi ne duk abin da ɓangarorin biyu za su raba. Famfo ba ya zubo ruwan da babu a tanki. Ban da haka, bolt 32 ba zai iya ba sifika mai om 8 fiye da wat 64 ba ko a takarda, a aikace kuwa ƙasa da haka. In aka sa adafta mai 48V, iyakar takan tashi zuwa wajen wat 140. Saboda haka idan kana kwatanta biyu, duba wace adafta ce a cikin kwalin, domin sau da yawa bambancin kuɗin daga nan yake. Kada kuma ka sa adaftar da ta wuce bolt ɗin da kamfanin ya ƙayyade.

Ana kasa amfilifayoyi aji-aji gwargwadon yadda suke sarrafa wuta, kuma waɗannan ƙananan duk ajin D ne. Suna mayar da wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da suka sha zuwa sifika, shi ya sa ba su da nauyi kuma ba su cika zafi ba. Rauninsu a masu araha shi ne siririn sauti yakan ɗan ƙaru ko ya ragu gwargwadon om ɗin sifika. Waɗanda aka rubuta wa PFFB an rage musu wannan matsalar. In aljihu ya ɗan fi nauyi, akwai waɗanda aka gina a kan allunan Hypex na Holan ko Purifi da ICEpower na Denmak, kuma ni a ganina mai sauraro a gida ba ya bukatar wuce nan. Ajin AB shi ne tsohon hannu: katon taransifoma, ƙarfen sanyaya mai haƙora, nauyi. Yana shan wuta fiye da D amma gyaransa ya fi sauƙi, domin kayansa a warwatse suke, ana iya cire ɗaya a sa wani. Ajin A kuwa ka bar shi, yawancin wutar da yake sha zafi take zama, kuma ba ya araha.

Amfilifayar hannu mai ajin AB, irin su Rotel, NAD, Yamaha ko Adcom, hanya ce mai kyau ga wanda kuɗinsa ba su da yawa, amma kada ka karɓa sai ka gwada. Je da mita mai auna bolt. A cire sifikoki, a cire duk abin da ke shigar da sauti, a kunna ta ta yi kamar minti goma. Sa mitar a DC, a milibolt, ka ɗora jan tsinke a jan wurin ɗaura waya, baƙi a baƙi. Ƙasa da 50 lafiya lau. Ya haura 100, tana bukatar mai gyara. In ka ga bolt guda ko fiye, kada ka yarda a jona mata sifikarka ko na daƙiƙa ɗaya, domin wutar za ta dafa naɗin wayar da ke cikin sifikar. Yi wa ɓangaren hagu da na dama. Sannan leƙa ta ramukan murfi da fitilar waya: manyan kafasito masu kama da gwangwani, saman su a shafe ya kamata ya kasance, in ya kumbura ko ka ga wani abu ya tsiyaye a gindinsu, sun tsufa. Shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna. Kada ka buɗe murfin ka sa hannu, kafasito na riƙe wuta bayan an zare daga bango. Wannan gwajin na masu taransisto ne. Mai kwalba, wato mai ƙwayaye na gilashi maimakon taransisto, ba a kunna ta babu sifika. Duba kuma bayanta ko 230V ce ko 120V, musamman in daga wata ƙasa ta fito.

Wasu kan sayi amfilifayar taro, irin ta Crown ko Behringer, saboda wat mai yawa a kuɗi kaɗan. Ƙarfin na nan, amma da yawansu suna da fanka, kuma a ɗaki da dare ƙarar fankar za ta dame ka duk sanda kiɗa ya yi ƙasa. Sai ka tabbatar maras fanka ce, ko mai fankar da ba ta tashi sai an matsa mata.

Akwai tsoron da nake yawan ji, wai amfilifaya mai ƙarfi za ta fasa sifika. Tana iyawa in an yi ganganci, amma ƙarama da aka ƙure ita ma tana kashewa. Idan amfilifaya ta kai iyakar bolt ɗinta, sai ta riƙa datse kan sautin, wannan datsewar kuma tana tura ƙarin wuta zuwa 'yar ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririyar murya, ita ce ke fara ƙonewa. Alamarsa a kunne ita ce sauti ya yi kaushi, ya yi tsini, ganga ta daina nauyi. Da ka ji haka, rage.

Saura haɗi. Duba ko abin da zai ba ta sauti yana da isasshen ƙarfi. Amfilifaya mai wat 100 a om 8 tana fitar da wajen bolt 28, in kuma tana ninka abin da ya shigo sau 20, wato 26dB, tana bukatar kusan bolt 1.4 kafin ta kai ƙarshe. Na'urar CD da yawancin DAC suna ba da bolt 2, babu matsala. Wayar hannu ko kwamfuta sau da yawa ba sa kaiwa, sai ka ga kamar amfilifayar ce ba ta da ƙarfi. Wayar RCA, wato wayar sauti ta yau da kullum mai kawuna ja da fari, ta isa in tazarar gajeriya ce. XLR, mai tsinke uku a kai, tana da amfani in wayar doguwa ce ko kana fama da gurnanin wuta, wannan "hmmm" da ba ya tafiya. Kafin ka biya, kunna ta ba tare da kiɗa ba ka kai kunne kusa da sifika. 'Yar shuuu da ba a ji sai an manna kunne ba komai ba ce. Wadda ake ji daga kujera kuwa za ta ci gaba da damun ka kullum.

Wayar sifika ba wurin kashe kuɗi ba ce. Tagulla zalla mai kaurin 1.5 ko 2.5 mm² ta wadatar a ɗaki. Ka dai guji wadda aka rubuta wa CCA, alminiyom ce da aka shafa wa tagulla. Murɗe bakin wayar da kyau kada silin guda ya tsallaka ya taɓa ɗaya wurin ɗaurin. A yawancin ƙananan 'yan ajin D, baƙin wurin ɗauri shi ma yana ɗauke da wuta, don haka kada ka haɗa baƙin hagu da na dama, kuma ka karanta takarda kafin ka ja waya daga nan zuwa sabwufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Bar mata sarari ta sha iska, kada a ɗora komai a kan ramukanta. Wajen kunnawa ita ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, domin duk "ɗas" ɗin da na'urorin gaba suka yi yayin tashi, in tana kunne ninka shi za ta yi ta aika wa sifika.