Idan an saka wa akori-kura sabon inji

Ranar farko da aka tayar, a zuba wa fitilar baƙin mai ido. Ta wuce daƙiƙa 5 ba ta mutu ba, a kashe injin.

Babban kuskure shi ne barin inji a sulo awa da awanni wai yana "sabawa". Bangon silinda ne ke yin santsi, ringi (zoben da ke jikin fistin) ya ƙi zama, daga baya mota ta koma shan baƙin mai da tiƙar hayaki ta salansa. Gara a hau titi, ana taka totur ana saki, ana canza giya, kada juyin inji ya wuce 3,000 a minti ɗaya. Banda lodin buhuna sai an ci kilomita 1,000.

A kilomita 800 a juye baƙin mai, a canza filta, za ku ga ƙurar ƙarfe tana ƙyalli a ciki. Ruwan lagireto kuwa a duba shi da safe, inji na sanyi.