Yadda mata da miji za su shirya doguwar tafiyar zagaya ƙasashe daga Kumasi

Mu 'yan Zango ba a koya mana tafiya, kakanninmu da jakuna suka zo sarin goro tun daga Kano da Katsina, amma wadda ake yayi yanzu daban ce, maigida da madam su ɗauki hutun wata shida ko shekara su zagaya ƙasashe su dawo. Malaman jami'a irin na KNUST suna da dogon hutunsu na bincike da ake kira sabatika, wasu ma'aikata suna neman hutun da babu albashi, ɗan kasuwan Alabar a nan Kumasi kuwa shi ke ba kansa hutu. Ba zan tsaya kan sayen tikiti da shirya akwati ba, wannan kowa ya iya. Inda na ga mutane suna faɗuwa shi ne takardu da kuma wace ƙasa za a fara da ita.

Abu na farko, takardar aure. Yawancinmu an ɗaura aure a masallaci a Aboabo ko Asawase, an raba goro an yi fatiha, shike nan, babu wanda ya je ya yi rajista. A unguwa kowa ya san matarka ce amma mai duba biza bai sani ba, balle ita tana amfani da sunan babanta kai kana amfani da naka, a takarda ku baƙin juna ne. Dokar auren Musulmi a Ghana ta ce a yi rajista cikin mako guda da ɗaurin aure, in lokacin ya wuce sai an bi ta babbar kotu a samo izini, wannan kuwa ba aikin kwana biyu ba ne, saboda haka da shi za ku fara tun kafin ku gaya wa kowa za ku tafi. Sannan ku baza duk takardunku a kan tabarma ku duba suna ɗaya bayan ɗaya. Fasfo ya ce Ayishetu, Ghana Card ya ce Aisha, banki ya ce Aishatu, ko Fuseini a nan Husseini a can, duk sai an gyara sun zama ɗaya. Fasfon kuma ku nemi mai shafi 48, kar ku ji ƙyashin kuɗin da ya fi mai 32, sitamfin boda yana cin shafi sosai, kuma ya zama yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar da za ku dawo.

Na biyu shi ne babba, tsarin ƙasashe. Sabon shiga yakan ce bari mu fara da masu sauƙi, Togo, Benin, Senegal, Kenya, in mun gaji sai mu nemi bizar Turai a can mu wuce. Wallahi kar ku yi. Bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ana nemanta ne a ƙasar da kake zaune, kai da ka shiga Dakar ko Nairobi a matsayin baƙo sai su ce ka koma Akra ka nema, kuma ba a karɓar takarda sai ya rage wata shida ko ƙasa da haka kafin ranar shiga. To kun ga lissafin, in tafiyar shekara ce kuka sa Turai a wata na tara ba za ku iya nema kafin ku tashi ba, kuma a hanya ba za a ba ku ba. Don haka masu wuya su ne a gaba, Turai, Ingila, Turkiyya, ku gama da su kuna gida, ku hau motar VIP a tashar Asafo ku sauka Akra ku nemi bizarsu, masu sauƙin kuma su zo daga baya.

Shengen ɗin ƙasa 29 ce amma lissafinta ɗaya, kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ba wai Faransa 90 Jamus 90 ba, ku biyu ku riƙe wannan, fita zuwa wata ƙasa da dawowa ba ya sabunta lissafin. Kuma bizar da aka buga muku na iya zama kwana 15 ko 30 ne kawai, ku karanta abin da ke kan sitika ɗin kar ku dogara da abin da kuka rubuta a fom. Ingila ba ta ciki, tata daban kuɗinta daban. Za ku nema ne a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta, kuɗin fom yuro 90 kowane mutum kuma in an hana ba a mayarwa, ga inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000 dole. Takardar banki ita ke kayar da mutane, mako biyu kafin zuwa sai yaya ko aboki ya zuba maka kuɗi masu yawa a asusun da ya yi wata uku yana lilo, mai dubawa ba yaro ba ne. Ku fara zuba cinikinku da albashinku ta banki tun da wuri, ku biyun, kar a ce maigida ne kaɗai ke da komai madam ba ta da ko asusu. Masu cewa ku kawo kuɗi wai suna da hanyar samo muku biza, ni dai ba na ko gaisawa da su kan wannan magana.

Sauƙin yana Afirka. Ƙasashen ECOWAS fasfon Ghana na shiga kwana 90 babu biza, ta Aflao ku shiga Lome da Kwatano har Legas, ko ta Elubo zuwa Abijan. Burkina da Mali da Nijar sun fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, ga kuma matsalar tsaro a hanyar, ni ba zan ɗauki matata ta Paga, bodarmu da Burkina, a mota don yawon buɗe ido ba, wanda ke da dangi a Yamai ya hau jirgi. Afirka ta Kudu ta cire mana biza tun Nuwamban 2023, kwana 90 a shekara, Ruwanda ma ɗan Afirka na shiga. Amma ko babu biza za a iya tambayar tikitin fita da inda za ku kwana. Katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, kar ya rabu da fasfo, allura ɗaya ta isa har abada amma sai ta kwana 10 kafin ta fara aiki a takarda. In akwai Umra a tsarin ku haɗa da ta sanƙarau.

Na uku kuɗi. Sidi ba ya tafiya, da kun wuce boda ya zama takarda, ku canza dala ko yuro tun a gida, sefa kuma ɗaya ce a ƙasashe takwas na yammacin Afirka amma ta Kamaru daban ce. Kati biyu daga banki biyu, ɗaya a hannunka ɗaya a hannunta, kar duk su zauna a jaka ɗaya. Layin MTN ɗinku kar ku cire shi ku jefa a durowa, lambar sirrin banki da MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ta nan take zuwa, ku buɗe masa romin don ya yi aiki a ƙasar waje. Ku ware kuɗin komawa gida na gaggawa wanda ba a taɓawa, rasuwa ba ta sallama.

Na huɗu gida. Iyaye da surukai ku je da ƙafarku, kar Mma ta ji a bakin maƙwabta. Kuɗin haya in adbans ɗinku zai ƙare kuna waje ku biya kafin ku tashi ku karɓi rasit, ku bar wani ƙani ya riƙa kwana a ɗakin, ku bar wa yaya kuɗin gudummawar suna da biki da zubin susu, wato adashi, don za a yi ta yi babu ku.

A hanya kuwa abin ba wuya. Ku kama ɗaki mai kicin na wata guda ya fi otal araha nesa ba kusa ba, gari da shito, wato soyayyen barkonon Ghana, da yaji su shiga akwati amma banda kilishi da duk wani nama in Turai za ku, za a ƙwace. Kasaru kuna yi sai in kun yi niyyar kwana huɗu a gari sai ku cika salla. Kowa ya ajiye hoton fasfon ɗan'uwansa da takardar aure a waya, sannan ku tura wa mutum ɗaya a gida kwafi ta WhatsApp.